Buhun da Ƙwaro Bai Taɓa Ba

Litinin 1 ga Disamba, bayan azahar

Na koma shago yau. Alhaji Sanusi, maigidana a kasuwar hatsi ta Katako, ya ce da na ƙara kwana biyu a gida. Na ce masa gidan ne ba na so. Ya miƙo mini tiya, kwanon awonmu, na shiga auna wa mutane gero.

Kayen nan, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, matata Rahina ta saya don ta riƙa rubuta ranakun awon ciki. Shafi biyu kawai ta cika. Ni a aji huɗu na bar lakwal, rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, amma ba wanda zai karanta.

Rahina tana gidansu a Yantala tun ranar Asabar da aka sallame ta daga matanite, asibitin haihuwa. Mahaifiyarta, Inna Fatuma, ta ce can za ta yi jinya. Haka ake yi ko da an fito da goyo.

Buhun wake yana nan a kusurwar ɗakinmu. Rabi ya rage.

Laraba 3 ga Disamba, hantsi

Yau sati guda. Abin da na ɗauka zuwa maƙabarta bai kai rabin tiya ba. Hannuna ya san awo, ba ya kuskure.

Alhamis 4 ga Disamba, bayan la'asar

Na je Yantala da lemu da hanta. Rahina tana kwance, fuskarta na kallon bango. Na gaishe ta, ta amsa da ka. Hantar ta huce a kwano.

A tsakar gida Inna ta ce in zauna, ta kunna mini wani vokal, saƙon murya, a wayarta. Muryar namiji ce, mai nutsuwa, kamar ta masu karanta labarai a rediyo. Ya ce shi likita ne. Ya ce akwai waken da Turawa suka gyara a labo, ɗakin gwaje-gwajensu, OGM ake ce masa, ana shigo da shi daga Najeriya, duk macen da ta ci shi cikinta ba ya tsayawa. Ya ce alamarsa ɗaya ce, ƙwaro ba ya cin sa. Da vokal ɗin akwai hoton wani farin ɓera, jikinsa duk ƙulluttai.

Inna ta ajiye wayar ta ce: "Kai da kake cikin hatsi, ka taɓa ganin wake ya yi wata biyu a ɗaki ƙwaro bai huda ko ƙwaya guda ba? Da hannuna na tsince shi ranar da na je muku. Tas yake. Abin da ƙwaro ya ƙi, shi ɗiyata ta yi wata biyu tana ci."

Ta ce ba ta ɗora mini laifi ba, ni ma cuta ta aka yi. Abin da take so shi ne in kawo buhun a ƙone shi a gaban Rahina, hankalinta ya kwanta an gano abin, sannan a yi maganar komawarta ɗakinta.

Na ce to, Inna. Kaina yana ƙasa. Ta ɗauka kunyar suruki ce.

Juma'a 5 ga Disamba, bayan masallaci

Ban ɗauki buhun ba.

Asabar 6 ga Disamba, da rana

Abu mai sauƙi ne. Taksi ɗaya, ashana ɗaya, matata ta dawo. Tun safe nake gaya wa kaina haka.

Amma akwai abin da na koya a shago tun ina ɗaukar kaya. Ba a sayen buhu don an kwance bakinsa an ga mai kyau. Kowa ya san mai kyau a sama ake zuba shi. Muna da wani ƙarfe mai rami kamar bututu, ana soka shi a cikin buhu, a tsakiya da gindi, abin da ya zubo a tafin hannu shi ne gaskiyar buhun. Alhaji ba ya sayen kaya kuma daga mutumin da bai san inda zai same shi gobe ba.

Vokal ɗin nan bakinsa kawai aka kwance mana. Ina so in soka shi a gindi.

Wani abu kuma. Ɓeran nan na san shi. Shekara biyu da suka wuce ya zo a wayar Alhaji, lokacin an ce shinkafar roba ce ta yi masa haka. Na tuna shi don kunnensa na hagu a lanƙwashe yake. Ɓera ɗaya, bara waccan shinkafa, bana wake.

Ƙila don in ɓata lokaci nake wannan binciken. Na rubuta don kada in yi wa kayen ma ƙarya.

Litinin 8 ga Disamba, bayan la'asar

Inna daga wurin Yaya Faruk ta samu, wan Rahina mai tuƙa taksi. Na tare shi a tasha yana wanke gilashi. Ya ce shi daga gurup ɗin direbobi ya samu. Na tambaye shi wa ya sa a gurup ɗin. Ya dube ni ya ce: "Kai yanzu ɗan sanda ka zama? An turo sau da yawa, ga kibiya biyu a kansa. Mutum dubu za su tura ƙarya?"

Na ce masa buhu ɗaya yana iya bin hannu goma kafin ya iso Katako, ruɓaɓɓen da ke ciki bai gyaru ba don yawan hannu. Ya ce in bar masa wa'azin ƴan tiya, ƙanwarsa ce kwance. Daga baya ya duba wayar, ya ce Zubairu ne, mai facin taya a Zongo.

Da zan tafi ya kama hannuna ya ce in ƙone abin nan kawai, kowa ya huta. Idonsa ya yi ja. Shi ya tuƙa mu ranar Laraba ɗin, bai tsaya ko a jar wuta ɗaya ba.

Talata 9 ga Disamba, sassafe

Rahina ba ta kira ba. Na kira, Inna ta ɗauka, ta ce tana barci.

Sanyi ya sauka. Na kwana taga a buɗe. Tun ranar nake barin ta a buɗe.

Laraba 10 ga Disamba, da rana

Sati biyu.

Na samu Zubairu a Zongo, a ƙarƙashin rumfarsa, yana tsoma tiyub a bahon ruwa yana neman inda ke kumfa. Mutumin kirki ne. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo shayi. Ya ce ɗan'uwansa na Maradi ya turo masa, shi kuma ya tura don Allah, ko wani zai tsira. Na tambaye shi ko ya san likitan. Ya ce ina fa. Sunansa? Bai faɗa ba. Asibitinsa? Bai faɗa ba.

Amma a wayar Zubairu vokal ɗin ya fi na Inna tsawo. Nata minti uku ne, nasa ya kai biyar. Wani a hanya ya yanke wutsiyar. Na ce ya bari mu ji har ƙarshe. A ƙarshen mutumin ya ce duk wanda ya riga ya ci waken kada ya ji tsoro, akwai maganin wanke jini da shi ya haɗa, ga lamba.

Zubairu ya ce wallahi shi bai taɓa saurara har nan ba, yana jin farkon hankalinsa ya tashi ya tura. Na rubuta lambar a bayan hannuna.

Ga gindin buhun.

Alhamis 11 ga Disamba, hantsi

Na kira lambar daga bayan shago. Muryar ce, ba shakka. Na ce matata ta ci wake, an samu matsala. Bai tambaye ni wane wake ba. Bai tambayi wata nawa ba, bai tambayi ko tana da rai ba. Ya ce kwalba uku za ta sha, ya fara gaya mini yadda ake aika kuɗi.

Na ce: "Likita, a wane asibiti kake, in zo da ita ka gan ta?"

Ya ce layin ba ya da kyau. Ya kashe. Na sake kira sau biyu, ba a ɗauka ba.

Na zata zan ji daɗi. Na zauna a kan buhun masara. In mutumin nan maƙaryaci ne, to tambayar Inna tana nan inda take. Me ya hana ƙwaro cin waken?

Juma'a 12 ga Disamba, bayan magariba

A fada, majalisarmu ta shan shayi, na ba abokai labari. Sun rabu biyu kafin shayi na farko ya nuna. Wani ya ce ko da mai vokal ɓarawo ne, ba a yarda da abin da aka taɓa halittarsa. Wani ɗan jami'a ya nuna mini bidiyon wani mai kwat, yana tsaye a gona kore shar, yana cewa irin nan ba shi da illa ko ɗaya, ɗari bisa ɗari. Na ce a tsayar da hoton. A aljihun rigarsa akwai tambarin kamfanin da ke sayar da irin.

Ban ce ƙarya yake yi ba. Ni ma in mai saye ya tambaye ni ko gerona na da tsakuwa, na san abin da bakina ke faɗa kafin in yi tunani. Mai kwalba yana da abin sayarwa, mai kwat yana da abin sayarwa. Dukansu biyu ba inda suka ce ba su sani ba.

Ina neman wanda ba ya sayar da komai, wanda kuma na san ƙofar gidansa.

Lahadi 14 ga Disamba, bayan azahar

Yantala. Ta zauna yau, ta sha kunu rabin kofi. Ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Ta kalli ƙafafuna, ba ta kalli fuskata ba.

Inna ta tambayi buhu. Na ce Faruk bai samu lokaci ba. Ƙarya ta farko da na yi mata tun da na auri ɗiyarta.

Litinin 15 ga Disamba, yamma

Alhaji ya ga ina auna dawa sau biyu ga mutum ɗaya. Ya karɓe tiyar ya tambaye ni. Na gaya masa rabin maganar. Ya ce waken da na ɗauka a shagonsa daga babbar motar Maradi ya saye shi farkon kaka, bai san gonar da ya fito ba, ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Rubutun Turanci da ke jikin buhun kuma ba hujja ba ne, buhunan nan sun ɗauki taki, sun ɗauki sukari, sun zagaya ƙasa uku.

Ya ce in je wurin Malam Mutari a Koira Kano, tsohon ma'aikacin noma da ke sayen gero wurinmu. Shekara talatin yana gwajin iri kafin ya ajiye aiki. Ya ce in tafi da haƙuri, tsohon ba ya amsa tambaya a gajarce.

Talata 16 ga Disamba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan dalla-dalla don kada in canza shi daga baya.

Na tafi da wake cikin leda. Na samu Malam Mutari yana ba wa zogalensa ruwa. Ya sa tabarau, ya zuba waken a faranti, ya juya shi da yatsa. Na tambaye shi ko OGM ne. Ya ce bai sani ba. Ya ce ba mai iya sani da ido, ko da ɗanɗano, ko da jiƙa shi a ruwa, sai an kai labo. Duk wanda ya kalli ƙwaya ya ce maka ya gane, ka riƙe aljihunka.

Ya ce gaskiya ne a Najeriya akwai irin waken da aka gyara, hukumarsu ta yarda a shuka, don tsutsar da ke cinye fure da kwanso a gona. Ya ce ya karanta abin da ya samu a kai, na masu so da na masu ƙi. Shi kansa akwai abin da ke damun sa, wa zai riƙe iri a hannunsa nan gaba, da kuma irin kakanninmu da ke ɓacewa. A kan wannan yana iya yin gardama har gobe. Amma cewa yana zubar da ciki, bai ga inda aka nuna haka ba, ya kuma nema. Ya koya mini abu uku in riƙa tambaya: wa ya faɗa da sunansa, ta yaya ya sani, me zai samu in na yarda. Na ce masa biyu daga ciki Alhaji ya riga ya koya mini a kan buhu. Ya yi dariya.

Sai na faɗi maganar ƙwaro. Dariyar ta tsaya.

Ya ce tsutsar gona daban, ƙwaron rumbu daban. Waken da aka gyara ma, in ka ajiye shi haka nan, ƙwaro zai huda shi kamar kowane wake. Ya ɗauki ledar ya kai hancinsa. Ya daɗe. Ya cire tabarau.

"Ɗana, me ka sa a cikin buhun?"

Na ce ƙwayar maganin ƙwari, irin wadda muke naɗewa a tsumma mu tura cikin buhunan sito. Ɗaya farkon kaka. Ɗaya kuma da na ga ƙwaro yana yawo a bakin buhun, kwana goma kafin ranar.

"A ina buhun yake kwana?"

Na ce ɗaki ɗaya gare mu, Baba.

Ya tambayi taga. Na ce sanyi ya fara, tana jin sanyi, ni na toshe ta da kwali.

To, na rubuta. Sati uku ina zagaya shi.

Kwana uku tana cewa ɗakin na warin tafarnuwa, kanta na sarawa, tana amai. Na ce mata laulayi ne ya dawo. Ni ina fita tun asuba, sai dare nake shiga. Ita take wuni a ciki. Don kada ƙwaro ya ci abincinta na sa. Madam, ungozomar da ke mata awo, ta ce ta riƙa cin wake.

Malam Mutari bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, a sito ake sa ta a rufe a tafi, ba a kwana kusa da ita, ta sha kashe mutane a ɗaki. Wannan ya sani, zai sa hannu a kai. Na tambaye shi ko ita ce. Ya ce: "Wannan ban sani ba. Ni wake na sani, ban san ciki ba. Je ka tambayi wadda ta karɓe ta."

Ya raka ni har bakin titi. Ya riƙe kafaɗata har motar haya, faba-faba, ta tsaya.

Laraba 17 ga Disamba, sassafe

Sati uku. Na fitar da buhun na kai sito. Inda ya zauna ya bar zagaye a siminti.

Alhamis 18 ga Disamba, da rana

Ranar hutu ce, gari duk tuta. Ban fita ba.

Yanzu ina da hanya biyu, dukansu na san su. In kai buhun Yantala, Inna ta ƙyasta ashana, Turawa su ɗauki laifi, ni in zama wanda aka cuta, Rahina ta dawo ta kwanta kusa da ni ba ta sani ba. Faruk zai yarda, Zubairu zai yarda, mutum dubu sun riga sun yarda. Ba wanda zai je Koira Kano ya tambaya.

Ɗayar hanyar ban san inda ta ɓulle ba.

Juma'a 19 ga Disamba, hantsi

Na je matanite. Na jira har layin mata ya ragu. Madam ɗin da ta karɓi Rahina ta gane ni, ta ce ni ne wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba. Na gaya mata duka, da vokal, da ƙwayar.

A kan vokal ta ce tun watan jiya mata ke zuwa mata da shi, wasu sun daina cin wake, abin da ya fi musu araha ya kuma fi amfani. Ta gaji da magana. A kan ƙwayar ta ɗaga murya har wata ma'aikaciya ta leƙo. Na tsaya na sha, na cancanta.

Da ta huce na yi tambayar. Ta buɗe babban littafinsu ta duba. Ta ce Rahina ta zo da zazzaɓin sauro, jininta kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Kowanne cikin biyun yana iya yin abin da ya faru. Gubar ma tana iya sa hannu. Ta ce: "Ba zan ce maka ita ce ba, ba zan ce maka ba ita ba ce. Ni na gani da idona, ban sani ba. Wanda bai gani ba ya ce ya sani, kai ka san sunansa, maƙaryaci."

Ta tambaye ni ko Rahina tana shan jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta a awo. Na ce tana sha. Ta dube ni kamar za ta ƙara wani abu, sai aka kira ta.

Na fito ba a wanke ni ba, ba a kuma yanke mini hukunci ba. Mutum biyu da na fi yarda da su a garin nan, dukansu da "ban sani ba" suka sallame ni.

Asabar 20 ga Disamba, bayan magariba

Inna ta aiko Faruk da taksi ya ɗauki buhun. Na ce masa gobe zan zo da kaina, ba da buhu ba. Ya ce in na ƙara wasa da hankalin tsohuwa, in nemi wata matar.

Lahadi 21 ga Disamba, bayan la'asar

Na roƙi Inna ta ba ni minti goma da Rahina. Ta ga hannuna wayam, ta ɗaure fuska, amma ta ɗauki buta ta zagaya.

Na zauna a ƙasa kusa da katifa. Na fara da mai vokal da kwalabensa, da ɓeran da ya ci shinkafa ya ci wake. Ba ta motsa ba. Sai na gaya mata warin tafarnuwa ba laulayi ba ne. Na gaya mata abin da na sa a buhu, da ranar da na sa, da kwalin da na toshe taga. Na gaya mata abin da Malam Mutari ya ce da abin da madam ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce in ta zaɓi ta zauna gidansu, ba zan kai ƙara wurin kowa ba.

Ina jin tattabarun maƙwabta.

Sai ta jawo jakar da take zuwa awo da ita. Ta zuge aljihun ciki, ta zazzage a kan zanenta. Jajayen ƙwayoyi ne, cikin ledojinsu, na wata huɗu. Ba a ɓalle ko ɗaya ba.

Ta ce wani vokal ne, a gurup ɗin matan unguwa. Wata ta ce ƙwayoyin suna sa ɗa ya yi girma a ciki har sai an yi wa mace aiki. Ta ji tsoron wuƙa. Kullum in na tambaye ta sai ta ce ta sha.

"Da Inna ta kawo maganar wake, na ji kamar an ɗauke mini dutse," in ji ta. "Amma na kasa kallon ka. Ina ganin kana ɗauke da laifina."

Na ce ni ma haka.

Ba mu yi kuka da ƙarfi ba, don Inna na tsakar gida. Na tattara ƙwayoyin na mayar a jaka. Na ce madam ta ce ba a sani ba. Ta ce ta ji. Ta sake cewa, ba a sani ba, a hankali, kamar tana gwada nauyinsa.

Talata 23 ga Disamba, da rana

Ba ta kira ba. Ban kira ba. Na wanke ɗakin da sabulu, zagayen bai fita ba.

Alhamis 25 ga Disamba, bayan azahar

Faruk ya kawo ta da hantsi. Bai shigo ba, ya ajiye jakarta a bakin ƙofa ya ce in kula da ita ko ya taka ni da mota. Inna har yanzu ta yarda da vokal ɗinta. Rahina ta gaya mata ita ce ta ce za ta koma, da buhu ko ba buhu. Sauran maganar za mu kai mata tare in ta ƙara ƙarfi. Gobe za mu koma wurin madam a duba jininta.

Ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta kalli tagar, ta kalli zagayen da ke siminti. Ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba.

Ta ce akwai abin da take so ta tambaya. Ranar ba ta cikin hayyacinta, da ta farfaɗo an riga an tafi maƙabarta. Inna ta hana a gaya mata komai, wai kada ta riƙe a rai. Wata gwaggonta ta ce namiji ne. Wata maƙwabciya ta ce ba a ma gane ba.

"Su ba su gani ba," ta ce. "Kai ka ɗauka."

Wata guda ina rubutu a kayen nan ban rubuta shi ba.

Ɗiya ce. Tana da gashi baƙi, kwance luf. Yatsunta sun cika goma, da farce. Kunnenta irin na Rahina ne, ƙarami, manne da kai.

Na gaya mata haka. Ta kai hannu ta taɓa kunnenta.